Waƙar Gaɗa da Masu Amshinta

Duk sanda aka ɗora tsohuwar waƙar gaɗa a Facebook ko TikTok, sai mu manya mu yi ta cewa Allah sarki yarinta. Muna cewa waƙar muke kewa. Anya kuwa?

Mu dubi gininta. Baitocin gajeru ne, kalmomin kaɗan, wasu ma ba a san ma'anarsu ba. Ƙarfinta yana cikin amshi. Zabiya ta bayar, 'yan mata su karɓa da tafi, ɗaya ta faɗo da baya, ƙawaye su tare ta su cilla. In ba masu tarewa, ta sha ƙasa. In ba masu amshi, waƙa ta mutu a baki.

A dandalin nan ne yarinya ke samun bakin yi wa kishiyar uwa habaici, ko ta koka da mijin da aka zaɓa mata, abin da ba ta isa ta furta a tsakar gida ba. Shi ya sa baitin yau kan bambanta da na jiya.

Nan rerawar situdiyo ta gaza: murya ɗaya, fiyano, baiti a daskare. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi mana gata da Tatsuniyoyi da Wasanni, amma takarda ba ta yin tafi.

Ashe masu amsa mana muke kewa. Aure ya kai wasu nesa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wayoyinmu cike suke da waƙa, to 'ya'yanmu fa, wa zai amsa musu?