Masu Ƙure Marubucin da Ke Wasa da Zamani

Ranar 1 ga Mayu, 2010, BBC ta nuna wani kashi na Doctor Who, shirin nan na Birtaniya da aka fara tun 1963, wanda jaruminsa, Dakta, yake yawo cikin zamani a wani shuɗin akwati mai suna TARDIS. A cikin kashin, wasu halittu masu siffar gunkin dutse, waɗanda ba sa motsi sai an ɗauke ido daga kansu, sun cafko Dakta ta wuyan kwat. Ya zame ya bar musu kwat ɗin, ya tsira daga shi sai shat. Can gaba ya bar abokiyar tafiyarsa Amy zaune a cikin daji, idanunta a rufe, ya yi mata sallama ya wuce. Sai ga hannuwansa sun dawo sun riƙe nata, yana magana ƙasa-ƙasa, yana ce mata ta tuna abin da ya faɗa mata tana shekara bakwai. Kyamara ta matso fuskarsa sosai, amma a gefen hoton, wajen kafaɗa, ana hango kwat.

Mafi yawan masu kallo hankalinsu na kan Amy, ba su lura ba. Waɗanda suka lura suka kasu biyu. Wasu suka ce ai ga kuskure ƙiri-ƙiri, an ɗauki fitowar a wata rana daban an manta ba a cire wa Matt Smith, mai fitowa a matsayin Dakta, kwat ba. Wasu kuwa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Suka lura cewa muryarsa ta sauya, ta yi sanyi kamar ta mai bankwana, kuma maganar da ya yi ba ta da alaƙa da halin da ake ciki a dajin. Makonni takwas aka yi ana wannan ja-in-ja. Ranar 26 ga Yuni kashin ƙarshe na zangon ya fito, aka ga cewa Daktan gaba ne ya ratso baya ya tsaya a wannan wuri, da kwat ɗinsa a jiki. Marubucin, Steven Moffat, tarko ya ɗana, kuma ya ɗana shi ne da siffar kuskure.

Masu kaso na biyun su nake son yabawa, don abin da suka yi ƙwarewa ce mai wuyar samu. A shiri na yau da kullum, kama kuskure aikin ido ne kawai: kofi yana hannun dama, aka juya kyamara ya koma hagu, shi ke nan, mai kula da kwantiniti ya yi gyangyaɗi. Amma da zarar labari ya ba jarumi damar komawa jiya, ido kaɗai ba ya isa. Mutum na iya bayyana a wuri biyu lokaci guda, wasiƙa na iya isa kafin a rubuta ta, wanda aka binne a kashi na uku na iya shigowa da sallama a kashi na tara, kuma duk ba a saɓa wa komai ba. Kafin ka ce marubuci ya yi tuntuɓe, dole ka san wace hanya ya ce zai bi.

Shi ya sa gwanin wannan fage yake fara neman dokar da shirin ya kafa wa kansa. Akwai shirin da ke cewa abin da ya faru ya faru, komawarka baya ma tana cikin abin da ya haddasa shi. Akwai mai cewa ana iya sauya jiya a dawo a tarar da yau ta canza. Akwai kuma mai cewa duk sauyi reshe yake tsirarwa, asalin yana nan yadda yake. Ba ruwan gwani da wace ce ta dace da kimiyya, tunda babu wanda ya taɓa zuwa ya dawo ya ba da labari. Abin da yake riƙewa shi ne kalmar da shirin ya furta da bakinsa, don baki shi kan yanka wuya.

Dubi Dark, shirin Jamus da Baran bo Odar da Jantje Friese suka yi wa Netflix daga 2017 zuwa 2020, zango uku, kashi 26. A garin Winden akwai kogo da ke haɗa 1953 da 1986 da 2019, shekara 33 tsakanin kowace da kowace. Yaro Mikkel ya ɓace a 2019, ya ɓulla a 1986, ya girma a can da sunan Michael, ya yi aure ya haifi Jonas. To Jonas ɗin nan son Martha yake yi, yayar Mikkel, wato gwaggonsa ba tare da ya sani ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Charlotte ta haifi Elisabeth, Elisabeth kuma ita ta haifi Charlotte, aka sace jaririyar aka kai ta baya. Ɗan koyo zai daka tsalle ya ce ya kama giɓi, wa ya fara haifar wa? Gwani kuwa zai ɗauko takarda da biro ya zauna kamar malamin da aka kawo wa rabon gado mai sarƙaƙiya, yana jera wa ya haifi wa, wa ya riga wa, a wace shekara, yana ɗan shekara nawa. In ya gama lissafi sai ya tarar zoben ya rufe ba tsaga, kuma shirin tun farko ya faɗi cewa a duniyarsa abu na iya zama mafarin kansa. Abin yana juya kai, amma doka ba ta karye ba.

Masu Dark sun san irin idanun da ke jiransu, shi ya sa suka sa wa mutanensu alamu a jiki, tunda mutum ɗaya 'yan wasa biyu ko uku ne ke fitowa a matsayinsa. Claudia idanunta launi biyu ne, tana yarinya, tana magidanciya, tana tsohuwa. Helge yana da tabo da lalataccen kunne a 1986 da 2019, sai daga baya ka ga wani mai suna Ulrich yana rotsa masa dutse a 1953. Baƙon da ke yawo a garin a zango na farko, wanda Jonas ne da ya manyanta, yana da shatar igiya a wuya, ba a nuna ranar da igiyar ta hau wuyan Jonas ba sai a zango na biyu. Mai kallon da ya riƙe wannan shatar a ransa shekara ɗaya da rabi, yana jiran ranar da za a biya shi bashinta, shi ne mutumin da nake magana a kai.

Amma fa ba kullum marubuci ke fita ba. A Doctor Who an sha nuna cewa haɗarin gaske ne mutum ya taɓa kansa na wani zamani. A 2005, a kashin Father's Day, abokiyar tafiyar Dakta Rose ta koma 1987 ta ceci mahaifinta daga mota, aka miƙa mata jaririyar da ita ce kanta, nan take wani dodo ya kutso cikin cocin da suka fake. A kashin Kirsimeti na 2010 kuwa, tsoho Kazran ya rungume yaro Kazran yana kuka, ko ƙyas ba a ji ba. Masu kare shirin za su ce a labarin Rose zamani ya riga ya ji rauni, shi ya sa taɓawar ta yi muni. Uzuri ne da za a saurara, sai dai tun 1983 an nuna wani Birgediya ya haɗa hannu da kansa na wani zamani wuri ya yi bindiga. Ni dai a nan ina tare da masu ƙurewa: an ga fitowar za ta taɓa zuciya, aka kau da kai daga doka.

Haka ma rabuwar Dakta da Amy da mijinta Rory a 2012. An jefa su tsohon birnin New York, aka ce TARDIS ba za ta iya sake sauka a can ba saboda zamanin wurin ya dagule. Tambayar da masu kallo suka yi ta yaro ce, kuma ita ce mai kisa: me zai hana ya sauka a wani gari ya shiga jirgin ƙasa? Labarin ya ɗan tanadi kariya, tunda Dakta ya karanta sunayensu a kan dutsen kabari, abin da aka karanta kuwa ya tabbata. Amma dutsen ya nuna inda suka mutu ne, bai hana ziyara ba. Irin wannan tambaya, ta hanya mafi sauƙi da jarumi ya ƙi bi, ita ce makami mafi kaifi a hannun gwani. (A kashin nan ne kuma aka ce katafaren gunkin 'Yanci na New York yana cikin halittun da ba sa motsi in ana kallonsu, ya tako har cikin birni ba wanda ya ɗaga kai. Wannan kam ko masu son shirin dariya suke yi.)

Akwai masu ɓata sana'ar, ba a rasa su. Su ne masu ƙirga duk abin da ba a bayyana ba a matsayin giɓi, kamar dole sai an nuna jarumi yana cin abinci kafin a yarda bai mutu da yunwa ba. Abin da aka tsallake daban, abin da ya ci karo da ɗan'uwansa daban, kuma wanda bai iya raba su ba surutu kawai yake yi.

Waɗanda suka fi burge ni su ne na farkon, mutanen da suka yi wannan aiki kafin bidiyo ya shiga gidaje, lokacin da shiri in ya wuce ya wuce. BBC ma da kanta ta goge faifan tsofaffin kashi da yawa, har yau sama da 90 ba a same su ba, kuma sautinsu ya tsira ne saboda masu kallon da suka riƙa ɗauka da rikoda a gida. Da littafin rubutu da kaifin tunani suka gano rikicin da ya fi kowane daɗewa a shirin. A 1975, abokiyar tafiyar Dakta Sarah Jane, wadda ba ta daɗe da rabuwa da Birgediya Lethbridge-Stewart yana shugabancin rundunar UNIT ba, ta ce ita daga 1980 ta fito. Bayan shekara takwas, kashin Mawdryn Undead ya nuna Birgediyan ya yi ritaya tun 1976, yana koyar da lissafi a wata makaranta. Ta yaya mutumin da ya ajiye kaki a 1976 yake ba da oda a 1980? Da aka bi sawu sai aka gano tushen: an tsara matsayin malamin ne don Ian Chesterton, wanda asalinsa malamin makaranta ne a shirin, ɗan wasan William Russell bai samu zuwa ba, aka maye gurbinsa da Nicholas Courtney mai fitowa a matsayin Birgediya.

A 1995 wasu masu kallo uku, Paul Cornell da Martin Day da Keith Topping, suka fitar da littafi sukutum, The Discontinuity Guide, suna bin shirin labari bayan labari suna jera tuntuɓensa tare da ƙoƙarin ɗinke abin da zai ɗinku. Bayan shekara goma, da aka farfaɗo da shirin, Cornell ɗin ne ya rubuta Father's Day, dokar da wasu suka zo suka taka. Rikicin shekarun Birgediya kuwa ba a taɓa warware shi ba. A kashin cikar shirin shekara 50, a 2013, an sa 'yarsa Kate tana neman wani tsohon fayil na mahaifinta, ta ce a duba shekarun 1970 ko na 1980, ya danganta da lissafin da aka bi.