BABI NA HUƊU: TSARIN GINI DA HIDIMAR IBADA A MASALLACIN JUMA'A NA ZARIYA

4.1 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin kayan aikin maginin gargajiya da matakan da yake bi tun daga kwaɓa ƙasa har zuwa yaɓe. A wannan babi kuwa za a ɗauki gini guda ɗaya, wato tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zariya, a auna shi ta fuska biyu: yadda aka tsara shi, da yadda tsarin ya yi wa masu ibada hidima. Daga nan za a kwatanta shi da Babban Masallacin Jenne na ƙasar Mali, domin dukansu ginin ƙasa ne, amma makomarsu ta sha bamban.

An gina wannan masallaci a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, wato kimanin shekara talatin bayan soma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Maginin da ya yi aikin shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu. Labarin baka ya nuna cewa da dare yake gini shi kaɗai, da rana kuwa lebura su tara masa tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. An kuma ce bayan ya gina wani masallaci a Birnin Gwari aka kashe shi, don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Amfanin irin wannan labari ga mai nazari shi ne yana nuna matsayin da Bahaushe ya ba gwaninta: abin da ya gagari hankalinsa yakan jingina shi ga dare da asiri.

4.2 Tsarin Ginin

Matsalar da ke gaban duk maginin ƙasa ita ce rufi. Ƙasa tana da ƙarfin ɗaukar nauyin da aka danna mata daga sama, amma ba ta iya ƙetare sarari ita kaɗai. Azara kuma, wadda ake faskarowa daga giginya, gara ba ta cin ta, sai dai ba ta jure nauyin rufin soro in faɗin ɗaki ya wuce kimanin mita biyu. Ga shi kuma masallacin Juma'a yana bukatar fili mai faɗi wanda sahu zai miƙe a cikinsa. Wannan ita ce jarrabawar da Babban Gwani ya fuskanta.

Hanyar da ya bi ita ce ta bakan gizo. Akan dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sannan a ɗora wata a kanta ta ɗan ƙara leƙowa cikin ɗaki. Kowane irin wannan mataki shi ake kira kafi. Haka za a yi ta ɗora kafi bisa kafi daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya su zama baka. Inda bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a jera guntayen azara a rufe da ƙasa, a sami tulluwa. Ba Babban Gwani ne ya ƙago wannan dabara ba, domin magina sun san ta kafin zamaninsa. Abin da ya yi shi ne ya kai ta iyakarta. Bakunansa suna tashi tun daga ƙasa-ƙasan ginshiƙai, su yi sama, su rarrabu kamar rassan bishiya, ta yadda ido ba ya iya cewa ga inda ginshiƙi ya ƙare ga inda rufi ya soma.

A ra'ayin wannan nazari, a nan ne darajar ginin take. Adon da ke jikin ginshiƙan ba shi da yawa: zane-zane ne masu zurfi, miƙaƙƙu da masu kusurwa da da'ira, waɗanda aka fitar a jikin ƙasar kanta. Wanda ya saba ganin zanen dagi da launuka a fuskar gidajen attajiran Zariya da Kano zai yi mamakin wannan kamewa. Amma idan aka tuna zamanin da aka yi ginin, za a ga ya dace da ra'ayin malaman jihadi na ƙin ƙawa da almubazzaranci. Akwai kuma dalili na ibada, domin mai salla ba ya bukatar abin da zai ɗauke masa hankali. Haske kaɗan ne ke shiga ta ƙofofi da 'yan ƙananan tagogi, katanga mai kauri kuma tana tare zafin rana. Mutumin da ya baro ƙurar kasuwa da tsakar rana ya shigo cikin wannan inuwa da sanyi, jikinsa yakan natsu tun kafin liman ya hau mumbari.

Wani abin lura shi ne, a tsarin asali akwai ɗakunan shiga inda ake alwala, akwai kuma ɗakin shari'a a cikin farfajiyar, ga fadar Sarki a kusa. Wato an haɗa salla da shari'a da mulki a wuri ɗaya, kamar yadda daular Usmaniyya ta ɗauki al'amarin.

Duk da haka bai kamata yabo ya rufe ido ba. Ginshiƙan suna da kauri ƙwarai, saboda haka suna yanke sahu, suna kuma tare wa wasu ganin liman. Cikin masallacin bai isa ya ɗauki jama'ar birni ba tun da garin ya bunƙasa, dole mafi yawa su yi salla a waje. Masana irin su Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi aiki mai ƙima wajen auna ginin da zana taswirarsa, kuma ba domin su ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Sai dai idonsu ido ne na masanin gini, ya fi faɗawa kan baka da tulluwa. Mai salla kuwa abin da ya dame shi shi ne ko zai sami wurin sa goshi, ko kuma zai ji huɗuba. Ba a fahimtar masallaci sosai sai an gan shi cike da mutane ranar Juma'a.

4.3 Kwatanci da Masallacin Jenne

Masallacin Jenne da ake gani a yau an kammala shi a 1907, a kan kufan wani tsoho da aka bari ya zube a zamanin Seku Amadu na Masina. Shugaban maginan garin, Isma'ila Tarawore, shi ya jagoranci aikin. Ginshiƙai casa'in ne ke ɗauke da rufinsa, saboda haka cikinsa lunguna ne dogaye tsakanin ginshiƙai, ba shi da buɗaɗɗen sarari irin na Zariya. Ta fuskar dabarar rufi, babu shakka Babban Gwani ya yi wa maginan Jenne fintinkau. Su kuma sun fi shi ta waje: hasumiyoyi uku a bangon alƙibla, kowace da ƙwan jimina a ƙololuwarta, ana hango su tun daga nesa.

Amma babban abin da Jenne ta fi Zariya da shi al'ada ce. Kowace shekara mutanen garin sukan fito kwansu da kwarkwata su yaɓe masallacin. Samari su ɗebo laka a kwanduna suna rige-rige, mata su kawo ruwa, magina su hau bango su shafe. Itatuwan giginya da suka fito tsirit-tsirit a jikin bangon, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne kawai, su ne matakan da ake takawa. Ke nan tun ranar gini aka tanadi hanyar gyara. Wannan yaɓe ibada ce a wurinsu, kuma makaranta ce, domin yaron da ya ɗauki laka bana shi zai hau bango nan da shekara goma. Irin wannan tunani ne ya sa mutanen Japan ke sabunta ɗakin bautarsu na Ise duk shekara ashirin, kamar yadda suka yi a 2013, don kada sana'ar ta mutu da tsofaffi.

Ba a ce al'adar Jenne ba ta da illa ba. Yaɓe bisa yaɓe na tsawon shekaru ya ƙara wa ginin nauyi, har sai da aka yi babban gyara aka kankare tsohuwar laka, kuma a Nuwamban 2009, ana cikin wannan aiki, saman ɗaya daga cikin hasumiyoyin ya rufto bayan ruwan sama mai yawa. Abin lura shi ne maginan garin ne suka sake tayar da ita da irin ƙasar da aka san ta da ita.

4.4 Makomar Ginin Zariya

A Zariya wata hanya aka bi. A shekarun 1970 aka rushe gine-ginen da ke kewaye, aka yi sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe tsohon ɗakin salla a cikinsa. Niyyar mai kyau ce: a ƙara wa jama'a wuri, a kuma kare aikin Babban Gwani daga ruwan sama. Sai dai wannan nazari yana ganin an yi asarar abu biyu. Na farko, fuskar masallacin ta waje ta ɓace, wanda ya tsaya a ƙofar fada ba zai san akwai ginin ƙarni na goma sha tara a ciki ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, an raba ginin da hannun jama'a. Soron ƙasa kamar jariri yake, kowace damina sai an hau an duba indararo, an toshe tsaga, an shafa makuba ko laso. Da zarar an ɗauka cewa siminti ya ɗauke wannan nauyi, sai masu hawa su daina hawa, 'ya'yansu kuma su tashi ba su san abin da ake dubawa ba.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata, mutum aƙalla bakwai suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Allah ya jiƙan su. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon tun kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi su gyara sai abin ya auku. Wannan ya nuna cewa maganar adana tsohon gini ta wuce sha'awar masana tarihi, domin akwai rayuka a ƙarƙashin rufin. Wanda ya ce a rushe duk ginin ƙasa a huta yana da hujjarsa, kuma ba a raina ta. Amma Jenne ta nuna cewa ƙasa tana iya ɗaukar dubban masallata fiye da shekara ɗari, muddin ana duba ta kowace shekara kuma akwai waɗanda suka san abin da suke dubawa.

Dmochowski ya sa an gina kwafin wannan masallaci a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, kuma ta nan ne ɗalibi zai iya ganin siffarsa ta asali. Sai dai an gina kwafin ne don kallo, ba shi da jama'ar unguwa da za su ɗauke shi nasu. Abin da ya rage a Zariya shi ne zuriyar maginin a unguwar da ake kira da sunansa, da kalmomin sana'ar irin su kafi da ɗaurin guga da tulluwa, waɗanda matasa da yawa ba su taɓa jin su ba. Waɗannan kalmomi ne babi na biyar zai bi diddiginsu.