Kai Kuka Gaban Allah: Zaburar Makoki da Ikkilisiyoyin Arewa

A cikin Zabura 150 da ke Littafi Mai Tsarki, kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne. Masana sun sha bamban wajen ƙirga su, amma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa babu nau'in da ya kai na makoki yawa a littafin. Wanda ya saba zuwa sujada a majami'unmu na Arewa ba zai yi zaton haka ba. Zabura 23 kowane yaro ya haddace ta, 91 da 121 ake karanta wa matafiyi, 100 ita ce ta buɗe taro. Amma mutum na iya tsufa a ikkilisiya bai ji an hau bagade an karanta 44 ko 88 ba. Tun 1932 muke da cikakken littafin da Hausa, saboda haka ba za mu fake da rashin fassara ba. Tsallake su muke yi, kuma a yankin da haƙa kabari ya zama aikin yau da kullum.

Zaburar makoki tana da tsari, ba ihu ba ce kawai. Hermann Gunkel, Bajamushen da ya rasu a 1932, shi ya fara rarraba Zabura bisa siga, Claus Westermann kuma ya zurfafa binciken bayansa. Abin da suka gani shi ne, mai addu'a yakan fara da kiran Allah, sannan ya zube damuwarsa ba ɓoye-ɓoye. Damuwar tana fuskantar wuri uku: abin da maƙiya suka yi, halin da shi kansa yake ciki, da abin da Allah ya yi ko ya ƙi yi. Daga nan ya roƙa, ya kawo hujjar da ta sa ya kamata a saurare shi, sau da yawa kuma ya rufe da dogara ko alkawarin yabo. Zabura 13 ta tattara wannan duka a ayoyi shida. Sau huɗu a jere tana tambayar Allah tsawon jinkirinsa, kafin ta gangaro ga roƙo, ta ƙare da waƙa.

Fuska ta uku ce ke firgita mu. Yaya bawa zai tuhumi Ubangijinsa? Zabura 44 ta ce jama'a ba su karya alkawari ba amma aka bashe su ga yanka, har ta kai ga zargin Allah da barci. A kunnen wanda aka rena da ladabi, wannan ya yi kama da saɓo. Sai dai a duba talakan da aka ƙwace wa gona. Idan ya tafi fada ya faɗi gaban sarki yana kuka, har muryarsa ta yi sama, bai tayar wa sarauta ba. Zuwansa fadar ma shaida ce cewa ya san akwai mai iko, kuma yana sa ran adalci a wurinsa. Wanda ya fid da tsammani ba ya zuwa. Yakan kama bakinsa ko ya wasa addarsa. Mai makoki a Zabura yana magana da Allah ne fuska da fuska, bai koma gefe yana gunaguni a kansa ba, kuma a nan bangaskiyarsa take.

Ba kowace ce ke ƙarewa da daɗi ba. Zabura 88 ta fara da kuka, ta ci gaba da kuka, kalmarta ta ƙarshe a Ibraniyanci duhu ce. Waɗanda suka tattara littafin sun bar ta haka, ba su liƙa mata ayar ta'aziyya ba. Ina ganin wannan babbar alfarma ce ga uwar da aka tafi da 'yarta shekaru suka shuɗe ba labari. Akwai shafi a Littafi Mai Tsarki da ya yarda da halin da take ciki yau, bai tilasta mata ta ce komai ya wuce ba.

Littafin Makoki ya ƙara koya mana wani abu. An rubuta shi bayan Babilawa sun rushe Urushalima da Haikali wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Waƙoƙi biyar ne, huɗu na farko an jera su bisa haruffan Ibraniyanci 22, kowane baiti da harafinsa, ta uku kuma ta ninka kowane harafi sau uku ta zama aya 66. Mutumin da garinsa ya zama toka, ya ga yara suna suma a titi don yunwa, ya zauna yana jera baƙin cikinsa harafi bayan harafi. Tsarin ya ba baƙin cikin mafari da iyaka, ta yadda za a iya faɗinsa dukka ba tare da ya haɗiye mai faɗa ba. Ayoyin nan na jinƙai da amincin Allah da muke so, waɗanda suka shiga waƙoƙin sujada, a tsakiyar sura ta uku suke, kuka a gabansu kuka a bayansu. Mu kan ciro su mu manna a kalanda, mu bar sauran. Littafin kansa ya rufe ne da fargabar cewa wataƙila Allah ya ƙi su sam. Nauyin wannan rufewa ya sa Yahudawa, idan sun karanta shi a ranar azumin tunawa da rushewar Haikali, sukan koma su maimaita ayar da ke kafin ta ƙarshe.

To, mu yaya muke yi da mai makoki? Ba zan rage wa al'adarmu daraja ba. Idan an yi rasuwa gida ba ya zama kango. Maƙwabta, Kirista da Musulmi, suna zuwa a shimfiɗa tabarmi, a kawo abinci, a ce "yaya haƙuri?", a ce "Allah ya ba da dangana". Zumuntar mata ta kwana a gidan da tulu da caki. Ƙasashe da yawa sun rasa wannan. Inda muke tuntuɓe shi ne gaggawa. Kafin gawa ta yi sanyi an fara gaya wa gwauruwa "daina kuka, ya je wurin Ubangiji". Mai wa'azi ya jawo wasiƙar Bulus ta fari ga Tasalonikawa, inda aka hana baƙin ciki irin na marasa bege, ya mai da ita hani ga baƙin ciki gaba ɗaya, alhali Bulus ɗin nan ne ya umarci Romawa su yi kuka tare da masu kuka. Yesu ma ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru yana sane da abin da zai yi nan da ɗan lokaci, kuma a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya ɗaga murya.

Lokacin ba da shaida a sujada ya fi nuna matsalar. Tsarinsa sananne ne: na shiga wahala, na yi addu'a, Allah ya fisshe ni, a taya ni godiya. Abu ne mai kyau, yana ƙarfafa zuciya. Amma shaida tana da ƙofa ɗaya, ta wanda labarinsa ya ƙare da daɗi. Matar da mijinta bai tsira ba tana zaune a benci tana tafa wa wadda nata ya tsira, tana tambayar ranta laifin me ta yi. Wa'azin wadata da ya cika rediyo da talabijin ya ƙara mata gishiri a miki, don ya koyar cewa asara alamar ƙarancin bangaskiya ce. Wannan tsohuwar hujjar abokan Ayuba ce. Kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma wannan ne aikin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki don kare Allah sai suka ɓata. A sura ta 42 Allah ya tsauta musu, ya ce Ayuba mai ƙorafi ne ya faɗi daidai a kansa.

Babu ikkilisiyar da wannan batu ya shafa kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN. Ta fara a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, da sujadar da Stover Kulp da Albert Helser suka yi ƙarƙashin tsamiya. Shekara ɗaya bayan haka Kulp ya binne matarsa Ruth da jaririnsu. Tushenta ƙungiyar 'Yan'uwa ce da ta faro a Jamus a 1708, wadda ta ƙi ɗaukar makami tun asali. Ƙasar da ta yi jijiya, kudancin Borno da arewacin Adamawa, ita Boko Haram ta fi yi wa ɓarna. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban wannan shekara aka mamaye hedikwatarta da makarantar horar da fastocinta a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos, mabiya suka watsu zuwa Yola da Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. A Janairun 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi a Michika aka kashe shi, bayan wani bidiyo da ya ce bai karaya ba, komai yana hannun Allah. Wata guda bayan haka aka ƙone majami'a a Garkida kanta.

Duniya ta yaba wa EYN saboda ba ta kira mabiyanta ga ramuwa ba, kuma ta cancanci yabon. Daga cikinta Rebecca Dali ta fito tana tallafa wa gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi, tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Daga cikinta Markus Gamache ya kafa matsuguni a Gurku, jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira na addinan biyu suke zaune tare. Abin da nake tsoro shi ne mu da ke nesa mu ɗauki yafiyar mu jefar da hanyar da aka bi aka kai gare ta. Rubuta sunayen matattu aikin makoki ne. Tarurrukan warkar da raunin zuciya da aka riƙa yi wa mutanen da suka tsere, da ba da labari da hawaye suke farawa, yafiya sai can gaba. Wani littafi da majami'u da yawa a Afirka ke amfani da shi a irin wannan aiki, wanda Harriet Hill da abokan aikinta suka fitar a 2004, yana sa kowa ya tsara tasa zaburar makoki da harshensa. Yafiyar da aka matso daga bakin mutum kafin ya faɗi abin da aka yi masa ba ta daɗewa, ciwon yakan fito ta wata kafa, a duka, ko shaye-shaye, ko ƙiyayyar da za a gadar wa yara.

A ganina inda makoki ya fi rayuwa a wurinmu shi ne bakin zumuntar mata. Su ke tsara waƙoƙinsu da Hausa da Bura da Margi da sauran harsuna, ɗaya ta bayar saura su amsa, kuma ba sa jin kunyar sa gudu da yunwa da maraici a ciki. Abin da bagade ya kasa faɗa, su suna rera shi. Bahaushe ya ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Abin takaici, ɗaliban tauhidi sun fi sanin Gunkel fiye da waƙoƙin iyayensu mata, yawancinsu kuma ba a rubuta ba.

Akwai ɓangare mai wuya da ba zan kauce masa ba. Wasu zaburori suna roƙon bala'i a kan maƙiya. Zabura 137 ta rufe da fatan halaka jariran Babila, 109 kuma la'ana ce mai tsawo. Cocin Katolika, da ya sabunta littafin addu'o'insa na kullum a farkon shekarun 1970, ya cire 58 da 83 da 109 da wasu ayoyi irin waɗannan. Na fahimci dalilin, kuma a ƙasar da wa'azi ɗaya kan iya tada gari, wajibi ne a yi hattara. Duk da haka ba na goyon bayan a ɓoye su. Fushin yana nan ko an karanta ko ba a karanta ba. Abin da waɗannan zaburori ke yi shi ne su ɗauke shi daga hannun mutum su ajiye gaban Allah, a bar masa hukunci. Saurayin da aka kashe ubansa a gabansa gara ya faɗi mafi munin abin da ke ransa cikin addu'a, kusa da dattijon da zai saurare shi, da ya faɗa wa abokan da za su nemo masa bindiga. Sharaɗin shi ne kada a taɓa karanta su a matsayin kirari a kan wata ƙabila ko wani addini. Musulmin Gwoza da Bama ma sun binne nasu a hannun Boko Haram ɗin nan guda.

Sai batun girma cikin ruhu. Walter Brueggemann ya bayyana tafiyar Zabura a matakai uku: zaman lafiya da komai ke kan tsari, rushewar tsarin, da sabuwar tsayuwa da ba irin ta farko ba. A 1986 ya yi gargaɗin cewa ikkilisiyar da ta yar da makoki tana renon masu bi da ba su iya komai ba sai amin, waɗanda ba za su tambayi Allah ba balle su tambayi azzalumi. Emmanuel Katongole, limamin Katolika ɗan Uganda, ya bi wannan sawu a gabashin Kongo a littafinsa na 2017, ya nuna cewa waɗanda suka fi gina asibiti da makaranta da gidan marayu bayan yaƙi su ne waɗanda suka fi sanin kuka gaban Allah. Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce wa mai makoki an karɓe ɗansa ne don ya koyi darasi. Asara ba ta gyara kowa da kanta, ta karya mutane da yawa har abada. Inda aka ga girma, an ga mutumin da aka bari ya faɗi gaskiya, aka zauna da shi, bai yanke magana da Allah ba ko da maganar faɗa ce. Bangaskiyarsa takan fito da ƙarancin surutu, ba ta saurin yanke wa wani hukunci, kuma ta san ƙofar gidan makoki.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikkilisiya: ku mai da waɗannan zaburori cikin karatun Lahadi, ku karanta 88 har ƙarshenta ba tare da kun yi mata gyara ba. Ku buɗe wuri a sujada ga wanda addu'arsa ba ta sami amsa ba tukuna, a ambaci sunayen waɗanda har yanzu suke hannun masu garkuwa. Makarantun Littafi Mai Tsarki kuma su tura ɗalibai su naɗi waƙoƙin zumuntar mata na shekarun gudun hijira, tun iyayen da suka tsara su suna raye.