Harshe da umurni a cikin fim ɗin La 317e Section

A shekarar 1965 ne Pierre Schoendoerffer ya fitar da wannan fim, bisa littafin da shi kansa ya wallafa a 1963. Mutumin ya san abin da yake faɗi: mai ɗaukar hoto ne na sojan Faransa a Indocin, kuma yana cikin waɗanda aka kama a Diyan Biyan Fu a watan Mayu na 1954. Labarin ma a wannan watan yake. Wata ƙaramar runduna, Faransawa huɗu da ƴan Lawos arba'in da ɗaya, ta bar sansaninta ta kutsa kurmi, mayaƙan sari-ka-noƙe na Viet Minh suna biye da ita.

Galibin masu sharhi sun tsaya ga saɓanin da ke tsakanin matashin hafsa Torrens, wanda ya nace sai an ɗauki masu rauni, da ajidan Willsdorff, tsohon hannu, wanda ya san nauyinsu zai halaka sauran. Sun yaba hoton baƙi da fari na Raoul Coutard, kuma yabon ya dace. Mu abin da ya dame mu shi ne rabon magana.

A ƙirga a gani. Doguwar jimla, mai dalili da shakka da barkwanci, ta Faransawa ce kusan duka. Abin da ke zuwa ga ƴan Lawos yawanci umurni ne. Abin da ke fitowa daga bakinsu kuwa gajeren rahoto ne ko amsa. Su ne mafi yawa, su ne ke ɗaukar kaya, amma mai kallo zai fita bai san ra'ayinsu kan yaƙin ba. Abokan gaba kuma daga nesa ake hango su.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1916 sojan Faransa ya buga ɗan littafi na koya wa hafsoshi gurguwar Faransancin da za su yi wa sojojin Afirka ta Yamma, kuma ƴan Nijar sun yi yaƙin Indocin, har da Seyni Kountché. Fim ɗin bai ƙirƙiri wannan rabo ba, ya tarar da shi ne a bariki. Laifinsa, a ganinmu, shi ne kyamarar da ta ga wahalar kowa daidai, amma kunnenta na mutum huɗu ne kawai.