Malamar da Ɗalibanta Suka Rufe wa Suna

Ni mutumin Kazaure ne, na kuwa tashi ina kallon zayyanar da ke bangon gidan Sarki ba tare da na taɓa tambayar wanda ya yi ta ba. A wurinmu wannan aikin magina ne, magina kuwa maza ne. Mace iyakarta jeren ɗakinta da lallen hannunta. Da wannan tunani na shigo jami'a, har ran da na ci karo da sunan Clara Etso Ugbodaga-Ngu.

A Kano aka haifi wannan baiwar Allah, ko da yake iyayenta mutanen ƙasar Edo ne. Ta yi karatun zane a makarantar Chelsea da ke Landan, sa'an nan a 1955 ta kama aikin koyarwa a kwalejin nan ta Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta koyar a sashen zane, a tsakiyar Turawa, ba ta kuwa bar wurin ba sai 1964. A 1958 ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Landan.

To, ga inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. A wannan shekara ta 1958 ne waɗansu ɗalibai, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu a Zariya, suna cewa lalle a gwama dabarun Turawa da fasahar gida. Duk littafin da mutum ya buɗe zai tarar da su. Okeke ya yi suna da uli, watau zanen da matan Ibo ke yi a jikinsu da bangon ɗaka. Onobrakpeya ya shahara wajen sassaƙa zane a allo a shafa masa tawada a buga shi a takarda. Ba na hassadarsu, sun cancanta. Amma fa malamar da ta tsaya a gabansu da alli, layi biyu ko uku ake ba ta a wuce.

Mu ɗauki zanenta na 1960 mai suna Abstract. Babu mutum a ciki, babu dabba, siffofi ne kurum suka sarƙe da juna cikin launi irin na ƙasa. Wani abokina ya dubi hotonsa ya ce kwaikwayon Turawa ne tsagwaronsa. Ban yarda ba. Bature sai da ya kai ƙarni na 20 kafin ya saki jiki da zanen da ba ya kama da kowa. Mu kuwa tun kaka da kakanni haka dagi yake, haka aska takwas take a wuyan riga. Wadda aka haifa a Kano ta zauna a Zariya ba sai ta je Chelsea za ta ga irin wannan ba; a idona abin da ta samo can shi ne fentin mai da allon da za ta ɗora shi.

Inda zan ɗan ja da ita shi ne sunan. Da ta ce Abstract, ta miƙa wa irin abokin nan nawa sanda. Kuma zayyanar bango ta kowa ce, mai jaki da mai doki duk suna gani, alhali kuwa wannan zane yana can a Jami'ar Birmingham a Ingila. Ni kaina hotonsa kawai na gani.