Kafin Dutse Ya Kai Ƙasan Rijiya

Ka samu rijiya mai zurfin mita 40, irin ta garuruwan da ruwa ya yi wa nisa, ka saki dutse a bakinta. Kafin ka ji tsulum, sakan uku bai cika ba, kuma daidai lokacin da zai taɓa ruwa gudunsa ya kai kimanin kilomita 100 a awa. Babu abin da ya riƙe shi, ƙasa ce ke jansa iya ƙarfinta. To, yau akwai motocin da in aka tayar da su daga tsaye cik lokacin da ka saki dutsen, sai su riga shi kaiwa wannan gudu. Dutsen sakan 2.8 yake bukata. Bugatti Veyron, wadda aka fara ƙerawa a garin Molsheim na Faransa a 2005, sakan 2.5 ya ishe ta. Ita kuwa ba faɗowa take yi ba, a kan titi take tafiya, ɗauke da nauyin kusan tan biyu.

Da ka faɗa wa mutum haka, zai ce maka ai ƙarfin inji ne. Gaskiya ne Veyron tana da silinda 16 da turbo huɗu da ƙarfin doki 1,001. Amma ƙarfi kaɗai ba ya tayar da mota. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa a yashi ko a laka da damina ya ga shaida: kana ƙara taka totur, taya na ƙara juyawa a banza, tana haƙa wa kanta rami. Mota duk girmanta da tsadarta, wurin da take taɓa ƙasa guri huɗu ne, kowanne bai wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ta waɗannan tafukan roba ne dawakai dubu za su bi su isa kwalta. Gwanintar da nake yabo ita ce ta mutumin da ya san yawan ƙarfin da tafin roban zai iya ɗauka a wannan titin, a wannan safiyar, ya ba shi daidai haka, ba ragi ba ƙari.

Ni a tsohuwar Peugeot 504 ta kawuna na koyi tuƙi, a wani fili bayan gari. Ranar farko motar ta mutu a hannuna ya fi a ƙirga. In na saki kuloci da sauri sai ta yi zillo ta mutu. In na ji haushi na danna totur sai ta yi kururuwa, ta watsa tsakuwa, ta zabura kamar an tsikari jaki. Kawu bai yi faɗa ba, sai ya sa na cire takalmi, ya ce in saurari motar da tafin ƙafata. Can kuwa na ji wurin, inda kuloci ya fara kamawa, hancin motar ya ɗan ɗaga, muryar inji ta ɗan yi ƙasa. Direban gwaji da ke zaune cikin motar da kuɗinta ya fi na gidaje goma, wannan wurin dai yake nema. Bambancin kawai, ni na yi kuskure mota ta mutu mu yi dariya, shi kuwa kuskurensa da kashi ɗaya cikin goma na sakan ake auna shi, wani lokacin kuma da kulocin da ya ƙone ƙurmus.

Ga yadda aikin yake a motar giyar hannu. Direba ya taka kuloci, ya sa giya ɗaya, ya ɗaga muryar inji zuwa inda yake ganin ya dace, ya riƙe ta nan ba hawa ba sauka. Wannan wurin ba a rubuce yake ba. Ya danganta da zafin kwalta, da ƙurar da ke kanta, da ɗumin tayoyi, har da iskar da ke cikinsu. Sai ya saki kuloci, ba a hankali irin na mai fita kasuwa ba, ba kuma a fizge ba. In juyin injin ya yi kaɗan, tayoyi za su kama ƙasa gam, injin ya shaƙe, motar ta yi nishi kafin ta farfaɗo, an yi asarar rabin sakan ke nan. In ya yi yawa, tayoyin baya su ɓalle, hayaƙi ya turnuƙe, agogo na tafiya mota na tsaye. Samarin da ke wasan mota a wajen biki suna jin daɗin wannan hayaƙin, 'yan kallo na ta ihu. A wurin direban gwaji, hayaƙi alama ce ta ya ɓata aiki.

Abin mamakin shi ne taya ba ta kai ƙarshen riƙonta sai tana ɗan zamewa. Roba tana bukatar ta riƙa juyawa fiye da gudun motar da ɗan kaɗan, misalin kashi goma cikin ɗari, sannan take cizon kwalta sosai. Wuce haka kaɗan, riƙon ya tsinke. Direba ba shi da na'urar da za ta nuna masa wannan gaɓa. Da kunnensa yake jin ta, da bayansa da ke manne a kujera, da wata 'yar ƙara siririya da taya ke yi wadda ba ta kai ihu ba. Yana riƙe da motar a kan wannan siraɗin da yatsun ƙafar dama, yana ƙara totur daidai yadda roba ke karɓa. Kafin ya ankara allura ta kai ja, sai canjin giya: kuloci, hannu, kuloci, duk a ƙiftawar ido, domin muddin kuloci na take, inji bai tura komai. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke daidaita giya ta biyu ta kai kilomita 100 da kyar, don kada a bukaci ta uku a rasa lokaci.

A ganina motar da ta fi nuna darajar wannan ƙafa ita ce McLaren F1, wadda Gordon Murray ya tsara a Ingila aka fito da ita a 1992. Kujerar direba a tsakiya take. Injin BMW ne mai silinda 12, ƙarfin doki 627, duk a kan tayoyin baya biyu, kuma babu kwamfutar da za ta rage wuta in taya ta zame. Mujallar Autocar ta gwada ta a 1994, ta kai mil 60 a awa cikin sakan 3.2. Yau akwai motocin kai yara makaranta masu batir da ke kusa da wannan lamba, amma a cikinsu kowa ya taka zai samu. A cikin McLaren sai wanda ya iya.

Tun kafin nan an riga an ga inda maganin yake. A 1987 Ferrari ta fito da F40, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988. Ba ta da nauyi, ƙarfinta doki 478, kuma turbo ɗinta irin na da ne, wanda ke yin lakwas sannan ya zo gaba ɗaya kamar an ɓalle madatsar ruwa. Sakan 4.1 kamfanin ya rubuta mata. Kishiyarta ta Jamus, Porsche 959, ta fi ta nauyi, ƙarfinta bai wuce doki 450 ba, amma tana sauka ƙasa da sakan huɗu. Dalili kuwa, tayoyinta huɗu duk suna ja. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da tafi biyu suka kasa riƙewa, huɗu sun riƙe. Akwai wani abu kuma. Duk motar da ta zabura, nauyinta baya yake komawa, gindinta ya zauna, hancinta ya ɗaga. Shi ya sa mai jan gaba take saurin zamewa wajen tashi, shi ya sa kuma Porsche 911, da injinta ke can bayan tayoyin baya, ta yi suna wajen tashi kamar an harba ta da gwafa.

Daga Veyron ne labari ya juya. Tana jan huɗu, akwatin giyarta kuma, wanda kamfanin Ricardo na Ingila ya ƙera, kuloci biyu gare shi. Ɗaya na aiki, ɗaya ya riga ya kama giya ta gaba yana jira, don haka canji ba ya katse turawar inji. Ƙafar hagu ta huta ke nan. Direba ya danna maɓallin tashi, ya take birki da hagu, ya danna totur har ƙasa da dama, ya ɗauke ƙafa daga birki, kwamfuta ta ƙarasa sauran. Na ji masu cewa gwaninta ta mutu daga nan. Ban yarda ba. Wani ne ya koya wa kwamfutar, kuma ba a ofis ya koya mata ba. Direbobin gwaji da injiniyoyi suna kwashe watanni suna tayar da mota ɗaya, a kwalta mai zafi da mai sanyi, a jiƙe da bushe, har a kan ƙanƙara a arewacin Suwidin. Direba ya sauko ya ce ta yi nishi a farkon tashi, injiniya ya duba layukan da ke kan allo ya ga inda, ya gyara lamba, a sake. Abin da ke cikin tafin ƙafar mutum ɗaya ne aka yi ta tatsa har ya zama lissafi.

Inda wannan ya kai ƙarshe a yanzu shi ne motocin lantarki. Mate Rimac, ɗan Kuroshiya, ya fara ne da cusa wa tsohuwar BMW injin lantarki bayan nata ya fashe. Yau kamfaninsa da ke kusa da birnin Zagreb yana ƙera Nevera, sunan wani hadari da ke tasowa ba zato a tekun ƙasarsu. Kowace taya da injinta, huɗu ke nan, jimillar ƙarfin doki 1,914, kuma babu canjin giya sam. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga juyin farko, kuma ana iya rage masa ko ƙara masa wuta cikin saurin da injin fetur ba zai taɓa iyawa ba. Kwamfutar motar tana duba kowace taya sau ɗari a sakan, tana riƙe ta a kan waccan gaɓar ta ɗan zamewa. A 2023, a filin gwaji na Papenburg a Jamus, ta kai kilomita 100 cikin sakan 1.81. A ranar ta tashi daga tsaye ta kai 400, ta taka birki ta tsaya cik, duk cikin sakan 29.93. Shekara shida kafin nan direban tsere Juan Pablo Montoya ya yi wannan da Bugatti Chiron a sakan 41.96, duniya ta yi ta tafi.

Sai dai mai karanta waɗannan lambobi ya buɗe ido, domin ba da mudu ɗaya ake awo ba. Amurkawa mil 60 suke aunawa, wato ɗan ƙasa da kilomita 97, al'adar da ake danganta yaɗuwarta da ɗan jarida Tom McCahill, wanda ya fara gwada motoci a mujallar Mechanix Illustrated a 1946. Turai kuwa kilomita 100. Sannan akwai maganar ƙafa ɗaya. A filayen tseren miƙe na Amurka, agogo ba ya fara ƙirga sai tayar gaba ta gangara ta bar zaren hasken da ke bakin layi, tazarar ƙafa ɗaya, wato kusan santimita 30. Mujallunsu suka ɗauki wannan al'ada, suna yafe wa mota ƙafar farko, wadda ita ce mafi cin lokaci. Lambar Nevera ma da wannan rangwamen aka samo ta. Da mujallar Motor Trend ta gwada Tesla Model S Plaid a 2021, ta samu sakan 1.98 a filin da aka shafe da gam mai danƙo, da yafe ƙafa ɗaya. A kwalta ta yau da kullum, in aka ƙirga tun daga motsin farko, 2.28 ta samu. Mota ɗaya ce. Don haka masu gwaji na ƙwarai suke ɗaura na'urar da ke awo da tauraron ɗan Adam, su yi tafiya gaba su juyo su yi baya don a soke tasirin iska da gangara, su rubuta zafin rana da tsayin wurin. Injin da ba shi da turbo, in ka hau da shi tudu irin na Jos, iska ta yi masa kaɗan, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa.

Tunda roba ce iyaka, sai wasu suka koma neman hanyar danne ta da ƙasa ba tare da ƙara wa mota nauyi ba. Fukafukan motocin tsere suna yin haka, amma sai mota ta yi gudu iska ta samu abin dannawa, a tsaye ba su da amfani. Wani ƙaramin kamfani a Ingila, McMurtry, ya sa wa motarsa fanka a ciki da ke zuƙe iskar ƙarƙashinta, ta manne da kwalta da ƙarfin tan biyu tun ba ta motsa ba. Da ita direban tsere Max Chilton ya haye tudun tsere na Goodwood a sakan 39.08 a 2022, lokacin da babu wanda ya taɓa yi.

Ɗaliban jami'a ne suka kai dabarar inda ta fi burge ni. A Satumban 2023, a filin jirgin sama na Dübendorf kusa da Zurich a Suwizalan, ɗaliban ETH Zurich da na jami'ar kimiyya ta Lucerne suka fito da wata 'yar mota da suka ƙera da hannunsu, suka sa mata suna mythen. Nauyinta kimanin kilo 140, ƙarfinta doki 326, abin da Veyron za ta raina. Kowace taya da injinta a cikin cibiyarta, a ƙarƙashi kuma na'urar zuƙar iska tana manne ta da ƙasa. Wata ɗaliba, Kate Maggetti, ta shiga ta zauna, aka ɗaure ta tamau. Abokan aikinta suka ja baya, na'urar ta fara kuka. Ta taka. Sakan 0.956, kilomita 100 a awa, cikin tazarar mita 12.3, tsawon babbar bas ɗaya. Dutsen da ka saki a rijiya bai kai mita biyar da barin hannunka ba.