Ra'ayin 'Yan Mazan Jiya a Waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur

Manazarta adabin Hausa sun saba sanya Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, a sahun gaba na masu neman sauyi, kuma suna da hujja. Shi ne malamin Bauchi da ya yi karatu a Kwalejin Yaba, ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC a Ikko, ya kuma zama abokin shawarar Malam Aminu Kano. Saboda haka idan aka zo kan waƙarsa ta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", inda ya zaɓa wa Arewa mulukiya, sai wasu su yi ta kame-kame, su ce ai fushin da ya yi da 'yan siyasar Kudu ne ya kai shi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa waƙar ba tuntuɓen alƙalami ba ce. A ganina, a rubutattun waƙoƙin Hausa na siyasa babu inda aka kafa wa ra'ayin 'yan mazan jiya hujja mai ƙarfi kamar a cikinta.

Sai an dubi zamanin kafin a fahimci jigon. Indiya ta sami mulkin kai a 1947, ta zama jumhuriya a 1950, kuma cikin 'yan shekarun nan aka haɗiye ƙasashen sarakunanta guda ɗari biyar da wani abu. A nan gida, cikin watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, a cikinsa kuma Abubakar Tafawa Balewa ya kawo batun gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna. Tambayar da ke bakin 'yan boko a lokacin ita ce: mene ne matsayin sarauta idan Bature ya tafi?

Amsar sha'irin tana da fuska biyu, kuma a haɗa su ne gwanintarsa take. Yana ganin sarautar Arewa gado ce daga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ita ta ɗaure addini da shari'a da zumuncin jama'a wuri guda, kuma al'ummar da ta yar da irin wannan gado don kwaikwayon wasu za ta wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Amma bai yi wa sarakuna kirari ba. Gargaɗi ya yi musu, mai zafi kuwa, cewa zalunci da jahilci da ƙin shawara su ne za su kira jumhuriyar da suke tsoro. Wato gidan yake karewa, masu gidan kuwa ya ɗora su bisa ma'auni. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne. Shi Shehu ya yi amfani da shi a Kitabul Farƙ ya auna sarakunan Haɓe, shi kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya shimfiɗa wa Kanawa a Liya'ul Hukkami. Ke nan mai ra'ayin mazan jiya na irin Sa'adu yana da sandar da zai tsawata wa sarki ba tare da ya aro ta daga waje ba, kuma talaka ya san sandar, sarki ma ba ya iya musunta ta.

Salon waƙar ma yana taimaka wa jigon. Amsa-amon "ya" da ya ɗauka ya ba shi damar jera baƙin kalmomin siyasa kafaɗa da kafaɗa da tsofaffin kalmomin malamai na wa'azi, har mai sauraro ya ji sabuwar magana cikin tsohuwar murya. Ɗalibai kan ɗauki wannan a matsayin ado kawai, alhali shi ne darasin waƙar a aikace.

Inda nake ganin rauni shi ne tsoron Kudu ya yi wa waƙar nauyi, har ya kan rufe hujjar da ta fi shi daraja. Sannan sha'irin bai faɗi wanda zai tilasta wa sarki gyara ba idan ya toshe kunne. Tarihi ya cike wannan gurbi ta hanyar da ba ya so. Nijeriya ta zama jumhuriya a 1963, kuma a shekarar ce gwamnatin NPC, wadda ake kira ta sarakuna, ta raba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da gadonsa. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Ikon da aka ƙwace bai koma ga talakan da aka yi domin sa ba, hannun gwamna ya faɗa. Abin da ya faru a Kano ya isa misali: an kasa masarautar gida biyar a 2019, an tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu a 2020, wata gwamnatin ta soke dokar ta mai da shi a 2024. Masarautar da ta haura shekara dubu bisa lissafin tarihin Kano ta zama abin da majalisar jiha ke rushewa ta sake ginawa cikin kwana biyu, gwargwadon wanda ya ci zaɓe.